Kaset Mai Komawa Baya

Litinin, 5 ga Yuni, 2006

Lai'atu maƙwabciyata ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Tsohuwar malamar firamare ce, kuma bakinta na da nauyi. Na ce kar ta gyara min magana.

Fiddausi, autata, ta dawo yau ko tuwo ba ta taɓa ba. Oga Livinus, shugabanta a wurin aiki, ya ba ta zuwa Juma'a ta sama. In kaset bai daidaita ba, a nemo wani a kujerarta. Aikinta kenan a kamfanin: duk abin da aka rubuta a kwamfutocinsu, in an tashi aiki, ita ke kwafe shi cikin kaset a kulle, ko da gobara ko wani tsautsayi. A da awa huɗu yake ci. Yanzu har ma'aikata su dawo da safe bai gama ba.

Na ce Allah ya kyauta. A ciki kuwa... rubuta kawai, Lai'atu. A ciki na ce Allah ya sa a sallame ta. Tun rasuwar Malam, in ta fita aiki, gidan nan daga ni sai kaji. Duk unguwarmu ta Congo-Russia ba wadda ke yini shiru kamata.

Laraba, 7 ga Yuni

Na ce wa Fiddausi ta sa biro ta murza kaset ɗin, yadda Malam ke yi wa kaset ɗin wa'azi in ya cije. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, wannan ba ya magana." Kaset ba ya magana, amma yana korar mutum daga aiki. To.

Juma'a, 9 ga Yuni

Sun goge bakin injin. Sun canza kaset har uku. Oga ya sa an kawo sabon inji daga Legas, wai ya ninka tsohon gudu. Sai abin ya ƙara lalacewa. Yanzu yana cewa hannunta ne.

Asabar, 10 ga Yuni

Za mu gaisuwar rasuwa unguwar Kwararafa, Fiddausi ta ce mu biya ofis minti biyar. Minti biyar ɗin ya kai la'asar. Ɗakin sanyi ƙalau, wai don injuna ake sanyaya shi. A Jos, da damina. Na duƙunƙune cikin mayafi a kan wata kujera mai juyawa, ina tsoron ta yar da ni.

Sai kunnena ya kama tafiyar injin kaset ɗin. Ya ɗauki gudu, fuuu. Ya tsaya. Ya yi baya kaɗan. Ya sake ɗauka. Ya tsaya.

Na san wannan tafiyar. A barikin kuza da na tashi, babata kaɗi take yi, ni ke mata shiɓar auduga. Hannunta wuta. In na yi nawa, audugar ta yanke mata, sai mazari ya tsaya, ta warware zare kaɗan ta haɗa bakin, ta sake murzawa. Tsayawar nan da komawar nan su ke cin yini. Goggona mai sanyin hannu ba ta taɓa tsayawa ba, don ina iya cim mata. Babata kuwa, saurinta ke kai ta ga jira. Ran da ta gaji da ranƙwashina ta ce in shiɓe kwando guda tukun, sannan ta zauna. Kafin azahar ta gama na kwana biyu.

Na tambayi Fiddausi, wa ke miƙo masa abin da yake naɗewa? Ta ce ƙananan kwamfutoci, ta waya, kowace da nata. Ba ta ko ɗago kai ba.

Na buɗe baki. Na rufe. Na ce mu tafi, za a yi ruwa.

Lahadi, 11 ga Yuni

Lai'atu ta dawo coci ta ce, "Iya, me ya hana ki faɗa mata?" Na ce ke biro na ba ki, ba alƙalanci ba.

Talata, 13 ga Yuni

Wataƙila ma ba haka ba ne. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba.

Laraba, 14 ga Yuni

Da safe na sami Fiddausi a tsakar gida tana guge takardun makarantarta da gefen zane, tana jera su cikin leda. Na neman wani aiki. Na tuna shekarun da take tafiya makaranta a ƙafa, takalmi a hannu in ruwa ya cika hanya. Ta ce, "Inna, kin sha maganinki?"

Sai na faɗa. Duka, har da kwandon. Na ce injinki ba ciwo gare shi ba, yunwa ce. Kun kawo mai saurin ci, mai miƙowa na nan yadda yake.

Ta ce, "Inna, ba auduga ba ce." Ta sa takalmi ɗaya. Ta tsaya da ɗayan a hannu. "Sake faɗa min na Goggo."

Na sake. Ta fita ba ta ɗauki ledar ba.

Juma'a, 16 ga Yuni

Ta ce akwai wani babban faifai a kwamfutar ɗakin, ta tara komai a kansa tukun, sannan ta sakar wa kaset gaba ɗaya. Awa uku da ɗan abu. Bai yi baya ba ko sau ɗaya. Oga Livinus ya ce dama abin da yake shirin gwadawa kenan. Ta ce, "Yes sa."

Na tambaye ta ko ta gaya masa daga ina. Ta ce in ta ce mazari, ai ita za a kai asibiti. Gaskiyarta.

Ban gaya mata tun Asabar na gane ba. Kwana huɗu yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba. Wannan tsakanina da Allah ne, da ke, da littafin nan.

Litinin, 19 ga Yuni

Barci ya kwashe ta bayan asuba. Da na bar ta, da ta yini a gida. Ni na buga mata ƙofa. Har na hau ta da faɗa, wai za ta makara, ga Oga na neman abin faɗa. Na raka ta bakin titi, na tsayar mata da ɗan acaɓa da kaina.

Ba wani abu ba ne, dama ina son in miƙe ƙafa. Daina murmushin nan, Lai'atu, ki rubuta an yi yayyafi.