Sawun Bature a Yashi

Yaya Nababa,

Bayan gaisuwa, ya Inna da su Jidda? Ni lafiya lau. Da gumina na zama shugaban masu gyaran filin golf a Doha.

A ofis akwai tsohuwar sandar buga golf ta wani Baturen Ingila da ya rasu tuntuni, wanda ya fara da ɗaukar wa 'yan wasa jaka har ya zama gwanin wasan. Na ce ai irina ne, na buga ƙwallo da ita sau ɗaya. Tun ranar, duk yashin da na share a filin, sai in ga sawun takalmi mai ƙusa bayan nawa, da rana tsaka.

Ba tsoro nake ji ba, amma ka nemo min addu'ar Liman, kada Inna ta ji. Jiya na tarar da sawun a ƙofar ɗakina, yana fuskantar ciki.

Ƙaninka,
Ɗayyabu