Wutar Da Ta Haifi Ruwa

Ya hasken idona, inuwar tsufana, ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi, uwar 'ya'yana kuma Uwar Kwalabe!

Autarmu ta tsegunta mini, kada ki yi mata faɗa, wai za ki miƙa makullin ɗakin gwaje-gwajenki ki dawo gida jinyata, don likita ya ce zuciyata ta fara kasala. Haba Malama! Zuciyar da ta ɗauki sonki shekara da shekaru ba ta sauke ba, ita ce za ta kasa yanzu?

Kin tuna ranar da kika shigar da ni ɗakin nan? Kwalabe jere cikin ruwan ɗumi, bakinsu a toshe, cike da laka da ɓawon kayan marmari, kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya kamar fitowar taurari. Kika ce ƙwayoyin bakteriya ne ke cin sharar, suna fitar da iskar haidirojin. Iskar waje ta shiga, su shaƙe. Sanyi ya yi yawa, su yi barci. Tsami ya wuce kima, su tafi yajin aiki. Na ce a raina, ashe ina da dangi a kwalba!

Sai kika kai ashana bakin bututu. Wuta ta kama, da ƙyar ido ke ganinta, ba hayaƙi, ba toka, sai raɓa ta kwanta a jikin gilashin da kika kara mata. Wuta ta haifi ruwa! Na sha tatsuniyar aljanu da dodanni a gaban kakata, amma ko ita ba ta kai nan ba. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci! Na rasa wa zan kalla, wutar ko fuskarki.

Yanzu da kika kusa gano ɗumi da tsamin da ƙwayoyin suka fi so, har kumfar ta fara ninkuwa, sai ki bar su saboda tsoho mai gardamar shan magani? Wa ya san fushinsu in ba ke ba?

Ke kika gaya mini sai kin dafa lakar tukuna, ɓarayin ƙwayoyi masu shanye iskar su mutu, masu taurin rai su ƙudundune su tsira, su farka da yunwar aiki. To, ciwon nan dahuwata ce, ni kuwa cikin masu taurin rai nake. Na yi alkawari zan sha maganina ba tare da ɓata fuska ba, gishiri ma mun raba gari.

Ki riƙe makullinki, sanyin idaniyata. In kewata ta dame ki, ki ajiye mini kujera kusa da kwalaben. Ɗumin da ya ishe su ya ishe ni.

Naki har numfashin ƙarshe, da bayansa in Allah ya yarda,
Tsohonki mai taurin rai.