Jan Alayyahun Bakin Rijiya

Yaya Fadima,

Na tarar kina barci, ban tashe ki ba. Na tafi Tsanyawa in faɗa wa Yaya Sama'ilu, wayarsa ba ta shiga.

Ɗazu na fito da Baba shan hantsi, sai ya ƙura wa jan alayyahun bakin rijiya ido. Alayyahun ya fid da kai jajir, har ya fi ni tsawo. Wallahi Baba ya buɗe baki ya ce, "Irin Innarku ne." Mutumin da tunda jikinsa ya shanye bai furta kalma ba! Ikon Allah!

Kar ki yanke jan alayyahun don miya, ki tsinki koren bayan ɗaki. Da la'asar ki mai da Baba wurin. In ya ƙara magana, ki riƙe min abin da ya ce.

Aina'u