Ƙofar da Na Tare

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Kawu Elmer ya gyara miki murhun kafin tafki ya daskare? Ni lafiya lau nake a birnin Winnipeg, sai dai tun Litinin na kasa zama wuri ɗaya.

Kin san ni ke tsaron ƙofar makaranta in an tashi. Ba a ba kowa yaro sai wanda sunansa ke takarda. Doka ce mai kyau, don kare yaran aka yi ta.

Ranar Litinin muka sa riguna ruwan lemo don tunawa da ku da aka ƙwace daga hannun iyayenku kuna yara, aka kai makarantun kwana na Turawa. Shugabar makaranta har da hawaye. Da aka tashi, wata tsohuwa 'yar ƙabilarmu, Misis Flett, ta zo ɗaukar jikanta. Babu sunanta a takarda.

Na ce, "Kaka, yi haƙuri, sai mun kira uwarsa."

Ta dubi rigata ta ce, "Ta yi miki kyau, 'yar nan. A zamanina dai Baturiya ce ta tare wa uwata ƙofa."

Ta yi minti arba'in a tsaye, ta ƙi karɓar kujera.

Na sa shugabar a gaba sai an ƙara gurbin kakanni a takardar. Wai za a duba. Gobe ma zan koma mata.

Ki aiko min da busasshen kifi. Mahalicci ya ƙara miki lafiya. Kuma ki faɗa min abin da ban taɓa tambayarki ba: ranar da aka tafi da ke, har yaushe mahaifiyarki ta tsaya a ƙofa?

Jikarki,
Shawna