Kada Su Ga Na Yi Ƙiba

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba, don babu motar da ke kai saƙo inda kike. Amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana sai ke, domin ke kaɗai kika san ta a jikinki.

Mutanen gida suna lafiya. Kawu Sule ya shigo Kano daga Toranke, ya biyo ta makarantarmu. Ya ce gyaɗa ba ta yi ba bana, amma gero da dama. Jar akuyarki ta haifi biyu. Inna har yanzu ba ta bari a taɓa adudun kayanki.

Yaya, ciwonki ya kama ni. Kamar yadda naki ya fara, haka nawa ya fara: ƙishirwa ba iyaka, fitsari ba iyaka, ina ci ina ramewa, har zanena ya koma kamar na aro. Malamar da ke kula da ɗakin kwananmu ta kai ni asibiti, aka ce ciwon sukari ne, irin wanda sai da allura kullum. Nas ɗin makaranta ta koya mini tafasa sirinji, yanzu ni nake yi wa kaina a cinya. Baba da Inna sun sani. Da aka gaya wa Inna, an ce zama ta yi a ƙasa.

Ba allurar ce ke ba ni tsoro ba. Ƙiba nake tsoro.

Kin tuna lokacin da aka dawo da ke daga asibiti da kwalaben maganinki? Kafin kaka ta wuce kumatunki suka ciko, wuyanki ya yi kyau, awarwaronki ya daina zamewa. Gwaggo ta zo daga Gafasa ta kama kumatunki tana hamdala, ta ce kin murmure, ciwo ya tafi. Duk wanda ya gan ki a kasuwar Ajingi haka ya faɗa wa Baba. Shi kuwa Baba ya gaji da ganin cinyoyinki duk tabon allura, abin yana ci masa rai. Da kwalbar ƙarshe ta ƙare, ya ce ai mai lafiya ba ya buƙatar magani. Bai hau keke zuwa Gaya ya nemi motar Kano ba. Ba don ba ya son ki ba ne, kin sani. Ni ma murna na yi, Yaya. Na ɗauka an gama.

Ba sai na gaya miki abin da ya biyo baya ba. Na ga yadda naman nan ya zube kamar ba a taɓa yin sa ba. Na ga Gwaggo tana ɗura miki zuma da kunun zaƙi don ki sake cikowa. Me ya sa ba ki ce musu kome ba? Kin sani, ko ke ma kin yarda kin warke?

To, yanzu ni ce rigar makarantata ta fara matse ni. 'Yan ajinmu suna zolayata, wai tuwon makaranta ya karɓe ni. Su suna dariya, ni ina tunanin hutu. Idan na je gida hutu da wannan fuska, me Gwaggo za ta ce? Me Baba zai yi?

Sai na yi wata dabara, ban gaya wa kowa ba. Na riƙa yin allurata daidai, amma ina tura wa ƙawata Hauwa rabin abincina, ina ce mata na ƙoshi. Na ce gara in koma gida a rame, su ga har yanzu ba ni da lafiya, su ci gaba da karɓo mini magani. Ranar Litinin muna tsaye a taron safe, gumi ya keto mini, na ga shugabar makaranta ta zama biyu. Ban san faɗuwata ba. Na farfaɗo a ɗakin nas, bakina da ɗanɗanon sukari.

Nas ɗin ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce allura ba tare da abinci ba tana iya kashe ni tun kafin ciwon ya yi. Ta ce ƙibar nan alama ce maganin yana aiki, ba alama ce ciwon ya tafi ba, kuma irin namu ba ya tafiya. Da akwai wanda ya faɗa wa Baba haka a lokacinki, da yanzu kina nan?

Ga inda nake, Yaya. In na ƙi ci, mutuwa. In na ci na cika, su ce na warke. Hanya ɗaya ta rage, in buɗe baki in yi wa Baba bayani da kaina. Ni da ko ruwa na kai masa ba na iya ɗaga kai! Yaya zan durƙusa a gabansa in ce ya yi kuskure, alhali shi ma zai gane kuskuren da nake nufi? Ina ta gwada maganar a bayan aji, ina faɗa wa bango. Ko a gaban bangon ma muryata rawa take yi.

Ranar Juma'a za a ba mu hutu. Yau na cinye abincina duka, ina ci ina tsoro, amma na cinye. Zan je gida da kumatuna yadda suke. Idan na durƙusa maganar ta ƙi fita, zan ambaci sunanki kawai. Tun ranar da aka kai ki makwancinki, babu wanda ya ambaci sunan nan a gaban Baba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Ina son ganinki, Yaya, amma ba yanzu ba.

Ni ce ƙanwarki,
Asabe