Na Ƙwala Sunan Surukina a Tsakiyar Rimi

Anti 'Yardada,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa inda zan sa kaina. Tun da abin nan ya faru ko tuwo na ɗora sai in manta shi a wuta. In zauna, in tashi, in leƙa zaure, in dawo ban san abin da na je nema ba.

Ina aure a Dukawuya, ɗana guda, shekararsa biyu da ɗoriya. Sunan mahaifin mijina aka sa masa. Ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta shi, bari in ari wani in ce Ɗahiru. Kin san halinmu na cikin birni, ni ba na faɗa, mijina ba ya faɗa, kakar yaron ma ba ta faɗa. Tun ranar suna ake ce masa Alhaji, sunan kuma ya bi shi.

Maigidana a Sharaɗa yake aiki, da asuba yake fita. A da shi ke yin cefane a hanyar dawowa, ya shigo mini da tumatir ɗin da kowa ya tsallake, attaruhu duk ya yi yaushi. Na daɗe ina lallaɓa shi kafin ya yarda in riƙa zuwa Kasuwar Rimi da kaina. Ba zan ɓoye miki ba, ba don miya kaɗai ba ne. In ban da biki ko asibiti, wannan ce fitar da nake ganin mutane in sha iska, kuma ina sonta.

To amma Alhaji fa? Ba ni da mai riƙe mini shi. Tun da ya iya gudu ya ƙi goyo, in na goya shi sai ya yi ta banƙarewa har zani ya kwance. In na sauke shi kuwa, kasuwa ta zama tasa. Ya tsoma hannu a garin kuka, ya gutsiri gauta ya mayar, ya ja jelar akuyar mutane. Ni kuma baki ɗaya gare ni, da shi nake ciniki, da shi nake tsawa. Ran nan na ce Alhaji ya cire hannunsa ko in mare shi, ashe mai tumatir yana tsaka da zuba mini gyara. Bawan Allah ya janye hannu yana kallona, maƙwabtansa suna ta dariya. A Rimi in kika ce Alhaji rabin layi ne ke waiwayowa, ban da wanda nake kira.

Surukina yana da rumfa a kasuwar, kayan yaji yake sayarwa, su citta da kanumfari da masoro. Duk zuwa sai na biya na durƙusa na gaishe shi, ya ɗauki yaron yana ce masa takwara. Wannan karon mun gaisa, na matsa gaba kaɗan ina zaɓen albasa, ledoji sun cika mini hannu. Ina waigawa, babu Alhaji. Sai na hango shi a guje ya nufi bakin titi yana bin mai balan-balan, ga Adaidaita Sahu tafe. Na yi ta kiran Alhaji, maza suna ta juyowa, shi ko a jikinsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ƙwala sunan nan na gaskiya da ƙarfin da ban san ina da shi ba, kuma ban tsaya nan ba, na haɗa da "tsaya nan, ɗan banza".

Yaron ya tsaya cak, don bai taɓa jin wannan muryar a bakina ba. Adaidaita ta wuce ta gabansa. Amma a bayana, Anti, sai na ji an ce na'am. Baba ne. Ya miƙe tsaye a rumfarsa da gwangwanin awo a hannu, a gaban abokan da suka tsufa tare da shi a layin.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi ya je ya ɗauko yaron, ya karkaɗe masa riga, ya saya masa balan-balan ɗin, ya miƙo mini shi bai ce uffan ba. Albasar ma can na baro ta.

Kafin in isa gida labari ya riga ya kai Sheshe, gidansu mijina. Ƙanwarsa ta ce mini Hajiya, uwar mijina, har hawaye ta yi, tana cewa yau ta ga zamani. Na kira ta a waya, ba ta ɗauka. Maigidana ya ce bai ga laifina ba, amma da bakin nan dai ya ce ya karɓi cefanensa, na bar zuwa kasuwa. Ga shi matar wansa ta haihu, ko barka ban iya zuwa ba, ranar Juma'a kuma suna, babu yadda za a yi in ƙi. Wani lokaci haushi ya taso mini, in ce to so ake in yi shiru a take mini ɗa? Wani lokaci in tuna Baba a tsaye da gwangwanin nan, in ji ba zan sake iya haɗa ido da shi ba. Da wace fuska zan shiga gidan? Haƙuri zan bayar, ko in yi kamar ba a yi ba? Kasuwar kuma shi ke nan ta wuce ni?

Maman Alhaji, Dukawuya

Maman Alhaji,

Na yi dariya, ki yafe mini, sannan na yi hamdala. Ina jin a yanzu haka ɗanki yana tsakar gida yana miki ɓarna, to ki fara da gode wa Allah a kan wannan.

Kiran da kika yi daidai ne. Alkunya ado ce, amma ba a ba da rai dominta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai kada haushi ya rufe miki ido a kan Hajiya. Matar nan ta ƙare ƙuruciyarta a gidan mutumin nan, ta haifa, ta aurar, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba ko a cikin ɗaki. Sai ga labari ya iske ta wai an yi shelarsa a Rimi, har da zagi a gindinsa. Kuma ina kyautata zaton wanda ya kai mata labarin ya baro Adaidaitar a hanya. Ihun aka kai mata, ba a kai mata titin ba.

Kada ki jira Juma'a, cikin taro ba a gyara irin wannan. Ki sa maigidanki ya raka ki gobe, da yaron da kayan barkarki. Ki fara da ɗakin Hajiya, ki durƙusa, ki ba ta labarin tun daga albasa har zuwa bakin titi. Ki nemi gafara a kan "ɗan banza", don wannan naki ne, kuma ki daina jifan ɗanki da shi ko babu kowa a wurin. Baba kuwa da idonsa ya gani. Wanda ya yi fushi ba ya tsayawa sayen balan-balan. Shirun da ya yi, shi ma alkunya ya yi miki. Ki gaishe shi kamar kullum, ki ce ya yafe miki a taƙaice, kada ki ja maganar ki sa dattijo jin nauyi.

Zancen kasuwa ki bar shi ya huce tukuna. Mijinki ya ji kunya, ya kuma tsorata, ko da bai faɗa ba. In an shirya da Sheshe, sai ki zo masa da tsari, ba da ƙorafi ba. Ki riƙa fita da sassafe kafin a cika, yaro ya ci ya ƙoshi, kin kuma san abin da za ki saya tun daga gida. Ki ba shi albasa guda a ƙaramar leda ki ce ya riƙe miki, yaron da aka ba aiki bai cika gudu ba. Kusa da titi kuwa goyo dole ne, ya yi kukansa, kuka ba ya kisa. Ki sama masa wani laƙabi da babu mai shi a Rimi, ki riƙa kiransa da shi a gida har ya saba tsayawa in ya ji. Abin da ya fi duka, ki roƙi Hajiya ta riƙa riƙe miki angon nata ranar cefane. Kakar da aka bar wa jika ba ta daɗewa tana fushi da uwarsa.

Ran nan mutum biyu ne suka amsa kiranki, babban ya ce na'am, ƙaramin ya tsaya. Da za a tambayi Baba, ina jin zai yarda a sake ƙwala sunansa a tsakiyar Rimi, har da zagin, in dai takwaransa zai tsaya.

Allah Ya raya Alhaji, Ya shirya miki shi, Ya sanyaya zuciyar Hajiya.

Anti 'Yardada