Hular Da Ka Tafi Da Ita

Zuwa ga Bitrus, maƙwabcina na katanga ɗaya a Badarawa, abokin ofis na shekara talatin da ɗoriya.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manyan ma'aikata masu ritaya, ina sane da cewa wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma, ba ka duba shafina na jarida sai an naɗo maka ƙosai a cikinsa, balle yanzu. Na rubuto ne domin akwai jawabin da ya kamata in yi a gabanka ban yi ba, kuma wata biyu ke nan yana maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Labarin gida tukuna, bisa ƙa'ida. Mangwaronka ya yi 'ya'ya, kuma reshen da ya tsallako gidana, wanda muka shekara ashirin muna shari'a a kansa, shi ya fi kowanne cika. Ban tsinki ko ɗaya ba. Matarka Saratu ta rame, amma tana cin abinci. Matan zumunta na cocinku suna zuwa mata duk Alhamis da tulunansu na kiɗa, kuma Hajiyata tana shiga ta zauna da su. Ni ne dai nake bin dogon lungu zuwa masallaci don kada in wuce ƙofarka.

Ka tuna sharhin da na taɓa yi a kan jana'izar al'ummai? Na kwashe littattafan kabad ɗina kaf. Na bayyana wa duniya cewa Yahudawa, kamar mu, ba sa son gawa ta daɗe a waje. Suna yaga bakin riga, su rufe madubai, su zauna kwana bakwai a kan 'yan gajerun kujeru. Da na iso kanku, sai na saki alƙalami. Na ce ku kuna ajiye mamaci mako uku a sanyi har dangi su hallara, sa'annan ku sa masa kwat da laktaye kamar mai zuwa neman aiki. Ka shigo zaurena da jaridar a hannu, ka kira ni Shehun malaman abin da ba a tambaye shi ba. Ka ce tunda kwat ce ta dame ni, kai da hular zanna da na ba ka ranar ritayarka za a binne ka, don idan an tambaye ka a hanya ka nuna wanda ka zauna kusa da shi. Na yi dariya har da hawaye. Ina zan san wasiyya kake yi?

Ranar da mahaifina ya rasu, tsakanin fitar rai da sallar gawa awa uku ne kacal. Ka baro ofis a guje, ka tsaya gefe cikin rana muna salla, ka bi makara da ƙafa har maƙabarta. Ba wanda ya buga sunanka a takarda. Haka kuma lokacin rikici, da Kiristocin unguwa ke kwashe kaya suna ƙetare gada zuwa kudancin gari, ka ce kai ba ka gudun maƙwabta, ka zauna.

Ni kuwa an ba ni mako uku cur. 'Yarka Rifkatu ta kawo mini takardar tsarin jana'iza har zaure, da hotonka a bango, ta durƙusa ta nuna mini shafi na biyu: jawabin amini, da sunana a ƙasa. Ta ce Baba Lawal minti biyar kawai ake so, don Babanta ya gargaɗe su cewa in aka bar ni zan kai la'asar. Na rubuta shafi huɗu. Na haddace. Na sa babbar riga mai aska takwas.

Na isa ƙofar cocin a Doka kafin a fara. Sai na hangi wani ɗan kwamitin masallacinmu zaune a shagonsa daura da ƙofar. Ka san bana aka ba ni shugabancin kwamitin. Mutumin bai ce mini komai ba. Ban ma tabbata ya gan ni ba. Ba kuma wanda ya hana ni shiga, domin ban tambayi kowa ba, kuma liman da kansa ya je wa Saratu ta'aziyya tun ranar farko. Ni kaɗai na kafa kotu a cikin mota, na gurfanar da kaina, na yanke hukuncin ɗaga gilashi. Lasifikar cocinku, Bitrus, lafiyayya ce ƙwarai. Na ji fasto ya kira sunana sau uku. Na ji shirun da ya biyo baya. Sai mata suka ɗauki waƙa don su rufe gurbin.

Wane irin masani ne wannan, da ya san yadda ake makoki a Urushalima amma ya kasa ƙetare kwalta ɗaya a Doka?

Washegari Rifkatu ta kawo mana shinkafar jana'iza. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai in sani an buɗe akwati kowa ya wuce ya ga fuskarka, kuma hulata tana kanka, an ɗan karkata ta hagu yadda kake so. Tun daga ranar na fahimci hikimar rufe madubi.

Jiya na je kabarinka. Na tsaya ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Sha'aninka yana wurin Allah, Shi ne masanin bayinsa. Na karanta maka shafi huɗun nan daga farko har ƙarshe, kuma ka yi gaskiya, na kai la'asar. Furen da aka ajiye maka duk sun bushe. Sai na tuna Yahudawan nan nawa na cikin littafi: su ba fure suke ajiyewa ba, ɗan dutse suke ɗorawa, alamar wani ya zo. Na tsinci tsakuwa ɗaya na ɗora kusa da sunanka. Musulmi, a kan kabarin Kirista, da al'adar Yahudawa. Na san da kana nan sai ka ce ga abin da yawan karatu ke jawowa.

Gobe zan tsinko mangwaron nan in kai wa Saratu, ta ƙofar gaba, da rana tsaka, in gaya mata inda nake lokacin da aka kira sunana.

Sai wata rana, Bitrus. Riƙe hular, ka fi ni cancantarta.

Maƙwabcinka Lawal, mai dogon alƙalami da gajeriyar ƙafa.